Ƙoran Adda

Shekarar da aka turo ni Dutsin-Ma koyarwa, ana saura kaɗan a sami mulkin kai, ita ce shekarar da sankarau ya shiga Barkiya ya ɗauke wa yayata 'ya'yanta biyu. Namijin ne ya fara tafiya, ɗan yaye ne. Ba a gama karɓar gaisuwarsa ba macen ta kwanta, ita kuwa har ta isa a aike ta rijiya da ɗan tulu. Da saƙo ya iske ni na hau keke na tafi, amma na tarar an riga an dawo daga maƙabarta.

Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta bari a duniya. Adda nake ce mata, kamar yadda Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa, ita kuma tana ce mini auta. Wannan kalma ta Adda da wasu 'yan tsiraru su ne abin da ya rage mana na Fulatanci. Shanun mahaifinmu sun ƙare a ciwon bushiya tun ina goye, ya kama fartanya ya zauna a Barkiya ba don yana so ba, muka tashi da Hausa a baki. Mutanen gari suna ce mana Fulani. In mun je ruga kuwa, dangi su yi ta magana a kanmu muna rarraba ido, su ce mun zama Haɓe.

Bayan an yi arba'in, mijinta ya kawo mini ita Dutsin-Ma a kan jaki. Manomi ne mai haƙuri, ba ya da yawan magana. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ga yayarka. Ba fushi na yi ba, ba kuma sakinta na yi ba. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce da kowa uffan ba. Gidan ne nake gani yana cin ta. Ta zauna wajenka ko Allah ya sa ta sami sauƙi."

Ɗaki biyu ne gare ni a bayan makaranta, ban kuma yi aure ba tukuna. Na ba ta ɗaya. Ta riƙe gidan tsaf. Tana shara, tana daka, tana tuƙa tuwo ta ajiye mini a rufe, tana salla a kan lokaci. In na gaishe ta sai ta ɗaga kai kawai. Matan makwabta suka yi ta shigowa suna yaba mata filako, suna cewa ba su taɓa ganin mai dauriya irin tata ba. Ni kuwa da nake kwana gida ɗaya da ita na san ba dauriya ba ce, don kullum ƙara ramewa take yi, zanen da take ɗaurawa har ya fara zagaye ta sau biyu.

A lokacin nan na kamu da son zane. A makarantar horon malamai aka koya mana zana taswira da 'yan hotunan da za mu riƙa nuna wa yara a allo, sai abin ya bi jikina. Wani abokin aikina, Kirista ne mutumin kudu mai koyar da lissafi, ya ga ina ta fama da fensir, ya ba ni wani ɗan gwangwani mai kalolin da ake jiƙawa da ruwa, da buroshi guda. In an tashi makaranta na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi ta zana duwatsun garin, da kukar bakin hanya, da shanu. Shanu na fi zanawa, ni da ban taɓa kiwon ko ɗan maraƙi ba.

Wata rana da damina ta fara nisa, ina zaune ina wa wata farar saniya ƙaho, sai na ga inuwar mutum a kan takardar. Adda ce a tsaye a bayana da muciya a hannu.

Ta ce, "Auta, kana iya zana mutum?"

Muryar ta dishe saboda daɗewar da ta yi ba ta fito ba. Na yi ƙoƙari kada ta ga mamaki a fuskata. Na ce, "Ina ɗan taɓawa, Adda. Wa kike so?"

Ta ce, "Ita."

Ban tambaya ba, na san 'yarta take nufi. 'Yar fari ce, kuma ko tana da rai Adda ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Haka aka rene mu.

Babu hoton yarinyar. A wancan zamani wa zai ɗauki yarinyar ƙauye hoto? Ni kuma ganin da na yi mata bai taka kara ya karya ba, daga hutu sai hutu. Na ɗauko sabuwar takarda na fara, Adda ta zauna a gefen tabarma tana gyara mini. Goshin ya fi haka fitowa. Idon bai kai haka girma ba. Tana da wushirya, amma ba ta buɗe baki sosai in tana dariya. Kunnen hagu ya ɗan lanƙwashe. Na goge, na sake, na goge har takarda ta huje, na ɗauko wata. Kwanaki muka yi a haka. Duk maganar da ba ta yi ba tun bazara, a kan fuskar nan ta yi ta.

Ranar da na ga iyawata ta ƙare, na sa kala na miƙa mata. Ta riƙe takardar da hannu biyu ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Yarinya ce mai kyau. Amma ɗiyar wasu ce."

Na ce zan sake.

Ta ce, "Bari, ba laifinka ba ne. Ni ce ban san abin da zan ce maka ka gyara ba. Jiya in na rufe ido ina ganin ta. Yau wannan nake gani." Ta ajiye takardar a ƙasa. "Auta, na fara mance fuskarta."

Sai ta fashe da kuka. Ban taɓa jin babba ya yi kuka irin wannan ba. Makwabciyarmu ta leƙo, na yi mata alama da hannu ta koma. Na zauna kusa da Adda kawai, don duk kalmomin ba da haƙuri an riga an faɗa mata su tun a Barkiya. Tuwon ranar ya ƙone a tukunya, aka kira magariba muna nan zaune.

Bayan wannan ta riƙa zama kusa da ni in ina zane. Ran nan ta ɗauki fensir, abin da ba ta taɓa riƙewa ba, ta yi wasu layuka a gefen takardar da na yar: ƙananan kusurwoyi a jere kamar haƙoran zarto, ƙarƙashinsu wasu layuka masu giciye. Ta ce irin zanen da mahaifiyarmu ke yi wa ƙwarya ne da ƙarfe mai zafi. Ni ban san ma tana zanen ƙwarya ba, don ina ƙarami ta rasu. Adda ta ce ta tuna bakin ƙwaryar, amma abin da ke tsakiya ya ɓace mata. Mutum ɗaya ya rage da zai sani, ƙanwar mahaifiyarmu da muke kira Yafendo, wadda ke zaune a rugar ɗanta a bayan Tamawa.

Da aka ba da hutu bayan kaka, muka shiga motar kasuwa zuwa Kurfi, daga nan muka taka da ƙafa ta cikin gonakin da aka girbe. Muka iske Yafendo a ƙofar bukka tana kaɗa nono. Ta tsufa ƙwarai, amma a miƙe take kamar sanda. Ta gaishe mu da Fulatanci, muka amsa da Hausa, ta girgiza kai ta koma Hausarta mai karyayyen baki. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta shiga ta fito da wata babbar ƙwarya da man shanu da hayaƙi suka mayar ja wur. Ta taɓa tsagewa, gyartai ya ɗinke ta.

Ta ce wa Adda, "Hannun uwarki ne. Da ita aka kai ta ɗakin ubanku."

Adda ta ɗora ta a cinya tana bin zanen da ɗan yatsa. Yafendo ta riƙa nuna kowane layi tana faɗin sunansa da Fulatanci, da wadda ta koya wa wadda, har zuwa kakar kakarmu. Wasu ta fassara mana, wasu ta ce ba su da Hausa. Na so in riƙe sunayen, amma harshen da ba ka ji ba ya zama a kai, kafin mu kwana sun zube.

Adda ta ce za ta zauna ta koya. Na koma Dutsin-Ma ni kaɗai.

Sai da rani ya kusa ƙarewa na sake zuwa. Na same ta a gindin wani gawo, ga kasko cike da garwashi, ga 'yan ƙarafa masu ƙotar icce an jera bakinsu a wuta. Takan zaro ɗaya, ta hura toka, ta ja layi a jikin ƙwarya, hayaƙi ya tashi, ta mayar ta zaro wani. Yatsunta duk tabon ƙuna. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wa ke dafa maka abinci ka rame haka?" Ta yi mini faɗa a kan rashin aure. Har ta koyi ɗan Fulatancin da take mayar wa Yafendo magana da shi, ana yi mata dariya tana ramawa. Kafin ruwan farko ta aika wa mijinta ya zo ya ɗauke ta. Yafendo ta ba ta ƙwaryar mahaifiyarmu da ƙarafa biyu daga cikin nata.

A Barkiya mijin ya shuka mata duma a jikin danga da kan rumbu. In ya nuna ya bushe, shi ke fafe mata shi, ita ta kankare ta zana. Shekarar farko abin da aka koya mata take yi, ba ragi ba ƙari, kuma matan ruga na saye a kasuwar Kurfi suna yabawa. Daga baya hannunta ya fara kauce wa hanya. Na je wani hutu na ga wata ƙwarya da aka jera wa wasu ƙananan halittu masu tozo a kewayen tsakiyarta. Na tambaye ta.

Ta ce, "Shanun laka ne. Ita ke gina wa ƙanenta a bakin rijiya, shi kuma yana takewa."

Ta nuna mini wata mai layuka da suka taso daga gindi suka haɗe a sama, ta ce kitson ƙarshe ne da ta yi wa yarinyar, da shi aka binne ta. Wata kuma ɗigo-ɗigo ne bibbiyu da suka karkace suka nufi baki, irin sawun yaron da bai daɗe da koyon tafiya ba. Duk wanda bai sani ba ado kawai zai gani. Bakin ƙoran kuwa da gindinsu ba ta taɓa canza su ba, na mahaifiyarmu ne.

A kasuwa aka fara magana. Wasu matan suka ce wannan ba zanen Fulani ba ne, ba kuma na Hausawa ba. Wasu kuwa shi suke nema, musamman masu haɗa wa 'ya'yansu jere. Abokin aikina ɗan kudu ya ga ɗaya a ɗakina, ya nace sai na kai shi ya ga mai yin ta. Muka je a kekuna. Ya tsuguna yana kallon aikinta, ya tambaye ta da Hausarsa ta 'yan koyo ma'anar shanun. Ta yi murmushi ta ce shanu ne. Ya ce mini a hanya a garinsu masu irin wannan hannu makaranta ake kai su. Da na faɗa mata, ta ce in gaishe shi, ya zo ya sha fura duk ran da ya ga dama.

Ni ma a shekarun nan zanena ya canza. Na rage zana shanun da ban sani ba. Na koma zana abin da ke gabana: hannun Adda riƙe da ƙarfe, dumar da ke rataye a danga, matan da ke sauke kaya a kasuwa. Liman na unguwarmu ya taɓa ja mini kunne a kan zana masu rai, na ji nauyinsa, na daɗe ina zana mutane ta baya ko daga nesa. Adda takan duba abin da na kawo ta ce wannan ya yi, wannan kuwa ka yi sauri. Ba ta taɓa yi mini kara ba.

Wani bikin suna ya kawo Yafendo Barkiya, ina nan. Adda ta fito mata da ƙoranta tana murna, ta zaɓi wadda ta fi so, mai shanun laka, ta miƙa wa Yafendo ta ce ta ba ta. Tsohuwar ta juya ta a hannu, fuskarta ta ɗaure.

Ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Adda ta faɗa mata abin da yake nufi.

Yafendo ta ce, "Ba zanen gidanmu ba ne. Uwarki ta binne 'ya'ya kafin ta same ku, ni ma na binne, ba wadda ta ɗora su a ƙwarya ta kai kasuwa. Harshe ya tafi, shanu sun tafi, ɗan abin da ya rage na damƙa miki, shi ma za ki ɓata."

Adda ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Yafendo, ban taɓa na Inna ba, ga shi nan a baki. Tsakiyar ce na ga fili. In ban sa su nan ba, ban san inda zan sa su ba."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar a gefe ta tashi. Washegari da sassafe ta kama hanya, ta ƙi a raka ta. Wata jikarta da suka zo tare ce ta ɗauki ƙwaryar a cikin kaya.

Abin ya tsaya wa Adda a rai. Ta bar wuta ta huce har tsawon damina. Da kaka ta yi, ta zaɓi duma mafi kyau ta zana shi tsaf irin na dā, ba ta ƙara ko ɗigo ba, ta ce in na zo hutu in raka ta ta kai wa Yafendo ta ba ta haƙuri. Kafin hutun ya zo aka aiko tsohuwar ta rasu, ciwon kwana kaɗan. Muka je gaisuwa da ƙwaryar a ƙunshe. A cikin bukkar muka ga mai shanun laka a can ƙarshen jere, a kife. Adda ta tambayi matar ɗan Yafendo ko tsohuwar ta taɓa shan wani abu a ciki. Matar ta ce ita dai ba ta gani ba, amma ta hana yara taɓa ta. Iyakar abin da muka sani ke nan. A hanyar dawowa Adda ta yi ta juya maganar, ta ce ko yafewa ce, ko kuwa ƙyama ce ta sa ta hana a taɓa. Na ce yafewa ce. Ta ce, "Kai ma ba ka sani ba, auta."

Ta koma aikinta, tana yin iri biyun duka. Amma zamani ya fara juyawa. Kwanoni masu fenti da furanni suka cika kasuwa, kowace amarya su take so a jerenta, ƙwarya ta koma ta awo da tatsa. Adda takan kai kaya Kurfi ta dawo da kusan duka. Ba ta daina ba. Ɗakinta ya cika, ta riƙa rabar da su ga duk wadda ta shigo ta yaba. A tsakiyar shekarun nan ne abokin aikina ya tattara iyalinsa cikin gaggawa ya koma kudu lokacin da ƙasa ta rikice. Ban sake jin labarinsa ba.

Ba zan ce Adda ta warke ba. In bazara ta kama, zafi ya tsananta, takan yi shiru na kwanaki, mijinta ya san ya ƙyale ta. Amma tana dariya, tana zuwa biki, ita ta tsaya a kan aurena ta zana wa matata ƙorai da ludaya. Har ta kai tana ba da labarin yaran da bakinta, abin da suka ce da ɓarnar da suka yi.

Bayan kowa ya fid da rai za ta sake haihuwa, sai ga ta da ciki. Mijin ya zo har makaranta ya faɗa mini, yana magana yana kallon ƙasa don kunya. Ta haihu da kaka, namiji, lafiyayye. Jini ya ƙi tsayawa. Hanyar Barkiya a lokacin ba ta mota ba ce, kafin a sami abin da za a ɗauke ta zuwa asibiti ta cika. Ranar suna aka haɗa da addu'arta. Ƙanwar mijin da ke goyo ita ta shayar da yaron.

Da aka yi arba'in, ni da mijin muka shiga ɗakin don a raba kaya. Dangi mata suka ɗauki na ɗauka, na ɗauki ƙwaryar mahaifiyarmu da wasu ƙorai 'yan kaɗan. Sauran ya ce a bar masa. Ya zuba su a wani tsohon rumbu ya liƙe, wai don yaron in ya girma. Da aka buɗe bayan damina biyu, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye su, sai ɓawo da ƙasa. Ya zo ya faɗa mini da kansa. Ya zauna a zaure ya kasa shan ruwan da aka kawo masa, yana ta cewa da ya sani da ya rataye su.

Na daɗe ban taɓa buroshi ba bayan rasuwarta, don ba ni da wanda zan kai wa ya duba. Yaron ya dawo hannuna da ya isa shiga makaranta, ya tashi tare da 'ya'yana. Zane bai dame shi ba ko kaɗan. Gyaran keke ya sa a gaba tun yana ƙarami, daga baya ya koma na mota, kuma da shi yake riƙe da iyalinsa a Dutsin-Ma. Ubansa ya sake aure, ya ci gaba da nomansa a Barkiya har ƙarfinsa ya ƙare.